Ranar da na tattake albasar surukar 'yata

Noman albasa wahala ne. Shekara talatin ina yin sa a bakin dam, abin da na samu ciwon baya ne da ganin na fi kowa sani.

Ba zan taɓa mantawa ba, na shiga Daura duba 'yata Hadiza, wata uku da aurenta. Mijinta Nasiru ya shimfiɗa mini tabarma a bayan gida, ya shiga kawo ruwa. Nan na ga wani fangali na albasa, ganyen siriri kamar tsintsiya, a cunkushe. Na ce 'yan boko dai! Mu in albasa ta ƙosa kwantar da ganyen muke yi, ta ƙarasa yin kai. Na tattare riga na hau da takalmi (ba wanda ya sa ni), na bi ta tsaf.

Sai ga uwar Nasiru, Hajiya, da almakashi da faranti.

"Malam, lafiya?"

"Gyara nake muku, Hajiya. Kwana goma ki ga kai kamar dunƙulen hannu."

Na tumɓuke ɗaya in nuna mata. Saiwa ce zalla, kamar gemun akuya. Na ƙara tumɓuke wata. Haka.

"Ai wannan ba ta yin kai, ganyen ake ci," in ji ta. "Shekara huɗu ina yanka tana tohowa. Yanzu ma ƙwai ake soya maka, shi na zo yankar wa."

Na hango Hadiza a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi. Ni zan hau mashin in gudu, ita ce za ta zauna a gidan ana nuna ta.

Hajiya ko murmushi ba ta yi ba. Ta durƙusa ta aske fangalin, ta bar tsawon yatsa biyu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Dama ta isa aski, baban Hadiza ya rage mini aiki."

Ta wanke wanda ya tsira, ta yanka ƙanana, ta barbaɗa bayan an sauke ƙwan. Ƙamshin albasa ba yaji ba hawaye. Wallahi da kunyar da komai na sharce farantin.

Tun ranar, shukar da ba ni na shuka ba, hannuna a baya nake kallon ta.

Washegari da sassafe na ɗaure buhun taki biyu a mashin, na sauke a ƙofar gidan, na ce wa Nasiru ya roƙo mini saiwa kaɗan. Ciki dai ban shiga ba.