Sunan da Na Kwafo a Jikin Akwatin Carbi

Ba zan taɓa mantawa ba da hajjin da na yi wa kaina sabon suna. Babana mahauci ne a unguwar Misfala, nan kusa da Harami, lokacin hajji kuma yana yanka ragunan alhazai a Mina. Kowa Ɗan Mahauta yake kirana, ni kuwa sunan nan ya tsaya mini a wuya.

Da na buɗe ɗan shagon carbi kusa da Harami, sai na ga akwatunan carbin gilashi da ke zuwa daga Turai duk suna ɗauke da suna guda da rubutun boko. Wani ma'aikacin gidan waya ya karanta mini: Reznik. Kai, ya yi mini daɗi a kunne! Na sa aka zana shi a allo, da boko da Larabci, na kafa a bakin shago (har kuɗin fenti mai ruwan zinare na biya, don a san ba wasa nake ba).

Lokacin ina neman 'yar Baba Ilyasu, mai sayar da yadi. Na ce masa sunan da ke allon na wani gidan sarauta ne da muka haɗa kaka. Ya ce, "Tayyib, madalla."

Ranar da ya zo ganin shagon, ina cikin zuba masa shayi, sai ga wani farin alhaji ya ja birki gaban allon, ya rungume ni. Da Larabcinsa mai ɗingishi ya ce shi mutumin ƙasar Cek ne da ya musulunta, wannan kuma sunan mutanen ƙasarsu ne tsantsa.

Baba Ilyasu ya ce, "Ya shaikh, gidan wane sarki ne?"

"Sarki? Ai ma'anarsa jazzar, mahauci. A wurinmu sana'ar kaka ce ke zama sunan gida: maƙeri, tela, masaƙi."

Na ji gumi har cikin kunne. Baba bai ƙyale ni ba. "To, me suke yankawa a can?"

"Galibi alade."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ya waladi, ɗana, gara na babanka, ko ba komai halal yake yankawa."

Ya ba ni 'yar, amma har na yi furfura Misfala ba ta daina kirana Mahaucin Turawa ba. Tun daga nan na gane: in za ka ari sunan wani, fara tambayar abin da kakansa ke yankawa.