Layin Alli

Wani ne aka ɗauke shi gwajin wata uku yana koyar da ƙananan yara. Ko aji ɗaya ne ko aji biyu, ya shige mini, amma dai yara talatin ne. Bai yi mako biyu ba sai ƙarambau ya ɓulla a ajin.

Hedimasta ya kira shi ofis, ya ce, "Malam, ka raba masu ciwo da masu lafiya. Ranar da na leƙo ban ga mai lafiya ko ɗaya a ajin nan ba, na rufe shi, kai kuma ka kama gabanka."

Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya koma aji, ya durƙusa, ya ja layi da alli a kan siminti tun daga allo har bangon baya. Masu ƙuraje uku a hagu, sauran a dama. Ya ce kada wanda ya tsallaka. Yaran kuwa masu biyayya ne. Daga inda suke zaune suke miƙa wa juna fensir da kofin ruwa.

Ran Laraba masu ƙuraje suka zama goma sha ɗaya. Ya bi layin yana dubawa, ya tarar takalmin wani ya goge wajen taƙi guda.

Ya ce, "Ai ga inda ya bi."

Ya ja sabon layi, ya ninka shi biyu.

Wata uwa ta zo ɗaukar 'yarta, ta ce, "Malam, ba gida ya kamata a tura su ba?"

"Hajiya, gidanku akwai layi?"

"Babu."

"To, kin gani."

Kullum layi na matsawa dama, benci bayan benci. Ran Litinin ya rage malam kaɗai a lungun ƙofa, fuska duk ƙuraje, yana susar baya da rula.

Sai ga hedimasta. Ya shigo, ya dubi yara, ya dubi malam.

"Duk sun kamu! Kai ma ka kamu! Ina mai lafiyar?"

Malam ya sunkuya, ya zagaye ƙafafun hedimasta da alli, ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Kada dai ka motsa sai an tashi."