Shuni a Bututun Malam Mudi

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Mudi. Bai taɓa leƙa ajin lauyoyi ba, amma in ya zauna a majalisa dokar tsaftar muhalli a bakinsa take kamar shi ya rubuta ta. Yaro ya yar da ledar ruwa? Wa'azi har la'asar.

To, laifi tudu ne. Shi Mudi ƙyashin haƙa rami yake, sai ya binne bututun ruwan wankin gidansa ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo da shi daidai gindin katangar maƙwabciyarsa Iya Ladidi mai waina. Layi ya cika da wari, sauro ya samu gari.

Da mutane suka fara ƙorafi, gogan naka ya riga kowa. Ya saka farar shadda, ya je da ƙafarsa ya ɗauko duba-gari.

"Ranka ya daɗe, ga ɓarnar, ga mai ita! Doka ba ta san tsufa ba. A rufe mata wajen waina yau ɗin nan!"

Iya Ladidi, baiwar Allah, ta riƙe haɓa. Da wainar nan take ci da jikoki huɗu.

"Wallahi ɗan nan, ba ruwan gidana ba ne."

Duba-gari ya zaro ƙullin shuni daga jaka, ya ce a dama a bokiti, a zuba a makwararar kowane gida, a ga na wa zai fito.

Mudi ya yi caraf ya ce:

"Ai... ai wannan ba ya cikin doka."

"Yana ciki, Malam."

Aka zuba a gidan Iya. Jama'a suka zuba ido. Ko ɗigo bai fito ba. Aka miƙa bokiti gidan Mudi, matarsa Asabe ta karɓa. Mudi ya matsa a hankali, ya take bakin bututun da takalmi, yana ta jan duba-gari da hira, gumi na karyo masa.

Tsuuut! Ruwa ya yi tsartuwa ta gefen takalmin, ya wanke farar shadda shuɗi shar har gwiwa.

Kafin ya haɗa wata ƙaryar, sai ga muryar Asabe ta saman katanga:

"Malam! Ya fito ta bututun da ka binne ɗin, ko in ƙara bokiti ɗaya?"