Ƙofar da Ba Ta San Kowa Ba Sai Alhaji

Idan ana lissafin masu tausayin talaka a ƙasar Gobir, dole a fara da Alhaji Dakta Kalilu, shugaban kamfanin Gida Mai Wayo, wanda ma'aikatansa ke kira Sarkin Latse a bayan idonsa, don komai nasa latsa maɓalli ne. Shi ne ya 'yantar da attajiran Sakkwato daga wahalar tashi su kashe fanka. A gidansa ko labule ba a ja da hannu. Ya sha yin lacca kan ɗa'ar kasuwanci a manyan otal, har an ba shi lambar yabo, wadda kamfaninsa ya ɗauki nauyin ƙerawa.

Bana tausayin ya kai har Sabon Birni. Matan da 'yan bindiga suka koro daga Gatawa sun tara ɗan hatsin da suka tsira da shi a wani ɗakin laka, suna rufewa da kwaɗo. Da aka nuna wa Alhaji hoton kwaɗon, sai da ya goge ido.

"A wannan ƙarni?" in ji shi. "Za ni ba su ƙofa mai gane fuska. Al'umma na da haƙƙi a kanmu."

Aka tura Fatihu, sabon ma'aikaci da bai daɗe da gama jami'a ba. Goggonsa Saude ce shugabar matan, kuma shi ya yi ta lallashinta har ta yarda aka cire kwaɗon. Ya kafa ƙofar ƙarfe mai ƙyalli a jikin laka, ya ɗora mata farantin sola.

Ranar buɗewa Alhaji ya iso da 'yan sanda gaba da baya, da masu hoto fiye da 'yan sandan. Ya yi jawabi mai tsawo kan amana. Sannan ya tsaya gaban ƙofar, ya washe haƙora kamar yadda yake yi wa jarida, na'urar ta haddace fuskarsa. Aka tafa.

Fatihu ya matso. "Ranka ya daɗe, saura fuskokin matan. A wayarka kaɗai ake iya sa su."

"Bayan hoto."

Bayan hoto sai la'asar ta gabato, kuma kowa ya san ba a bin hanyar garin Isa da yamma saboda 'yan bindiga. Mai tausayin talaka ya faɗa mota bai ko yi sallama ba. Ƙofar ta rufe kanta a hankali, kamar yadda aka tsara ta, da hatsin a ciki.

Washegari matan suka yi layi da ƙwarya, kowace ta leƙa na'urar. Ta ƙi su ɗaya bayan ɗaya, da Turanci, cikin ladabi. Tukwane suka kwana a kife. Fatihu ya kasa haɗa ido da kowa. Yana ta kiran wayar Alhaji, har aka ɗauka.

"Ranka ya daɗe, yara ba su ci komai ba. A ba ni izini in ɓalle ta."

"Ka ɓalle kyautar da na yi? Kai yaro, ina tarbiyyarka? Duk wanda ya taɓa ƙofar nan ya ci amanar kamfani, kuma garanti ya tashi. Ku yi haƙuri, haƙuri ma ɗa'a ne. Za ni zo da kaina idan masu hoto sun samu sarari."

Goggo Saude na tsaye tana ji. "Mi ya ce, ɗan nan?"

"Ya ce kada a taɓa ƙofa, Goggo."

"To. Ai ba mu taɓa ta. Tafi ka aro muna diga."

Fatihu ya tuna takardarsa ta digiri, ya tuna shekarun da ya yi yana neman aikin nan. Ya dubi yaran da ke zaune jikin bango ba mai ko kuka. Ya tafi ya aro.

Masu hoto sun samu sarari a mako na gaba. Alhaji ya dawo da sabuwar babbar riga, ya sa wa taron suna Ceto Karo na Biyu. Ya tsaya gaban ƙofar fuska a ɗaure, don zafi ya dame shi. Ta ƙi shi, da Turanci, cikin ladabi. Ya cire hula. Ta ƙi. Ya tsawata mata. Fatihu ya raɗa masa cewa fuskar jarida kaɗai ta sani. Haka shugaban kamfani ya tsaya cikin rana, gumi na zuba, yana washe wa ƙarfe haƙora a gaban jama'a.

Ƙofar ta buɗe. Babu ko ƙwayar hatsi. Ta bangon baya hasken rana ne ke shigowa ta wani rami da ya isa mutum da buhu, kuma wata akuya na kwance a tsakiyar ɗakin tana tuƙa.

"Wa ya yi wannan ta'asa?"

Goggo Saude ta gyara mayafinta. "Ƙofarka na nan lafiya lau, Alhaji, ko ƙwarzane babu. Bangon namu ne."

Masu hoto dai an riga an biya su, sai suka ɗauka.