Ranar da Na Tono Asalinmu

Da kaina na shimfiɗa tabarma, da kuɗina na sayo goro. Mun daɗe muna ja-in-ja da maƙwabcina Sule kan kunya biyu a iyakar gonakinmu a Yako, sai na ce bari in tono asali kowa ya san matsayinsa. Na zazzage akwatin Baba, na ga sunan kakana a tsohuwar takardar gonar. Me ya rage? Na ɗauko Goggo Hansai, yayar Baba, a babur, na tara dattawan unguwa, ina ta gyara hula.

"Goggo, faɗa musu wanda ya fara saran dajin nan."

Sai da ta tauna goronta tsaf. "Kakan Sule mana. Babanmu ƙodago ya zo yi daga Doguwa, daga shi sai fartanya. Da maigidan ya ga hankalinsa, ya ba shi ƙanwarsa, ya yanka masa gonar."

Na ce, "Goggo, ko dai kin manta?"

"Kai ne dai ba ka sani ba."

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Sule ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ashe jikan mace ne! Taso, bawana."

Nan take ya bar mini kunyoyin, wai ba a shari'a da abokin wasa. Alhamdu lillahi, bara da na kwanta ciwo 'ya'yansa ne suka nome mini gonar kaf. Amma har gobe, in ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga murya: "Mai bincike! Yau kakan wa za a tono mana?"