Matsawa Zuwa Ja

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Talata a Unguwar Shanu, ranar da na gayyaci mutane da bakina su zo su kalli yadda zan kunyata.

Sana'ata sayar da rini da sinadarai. Ina da shago a Abakpa, marina da masu yin sabulu ne yawancin masu saye a wurina. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, sauran a kasuwa na tsince shi, har da Turancin da nake karanta takardun kaya da shi. Wannan bai taɓa damuna ba, sai idan na shiga cikin dangin matata. Gidansu gidan ma'aikata ne: wannan darakta, wancan likita, waccan lauya. Suna girmama ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma idan hira ta yi nisa aka juya harshe, ni ake waiwaya a tambaya ko shayin ya ishe ni.

To, sai yayar matata, wadda muke kira Hajiya Babba, ta tashi aurar da ɗanta na fari. Ta kira ni gidanta a Malali, ta ce ba ta son ankon da kowa zai gani a kasuwa. Dangin amarya sun riga sun ɗauki shuɗi, ita kuma ja take so, ja mai duhu irin na zoɓo, don ranar liyafa kowa ya san su wane ne dangin ango tun daga bakin ƙofa. Mata talatin da biyu sun kawo farar shaddarsu, an tara a ɗakinta. Rini kawai ya rage.

"Baban Amira," in ji ta, "wannan fanninka ne. Na bar maka."

Shekara goma sha tara ina cikin dangin nan, ba a taɓa cewa wani abu fannina ne ba. Na amsa kamar ba komai, na fito ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai.

Jan rinin da nake da shi a shago yana ɗan karkata zuwa ruwan goro, bai kai zoɓo ba. Sai na buɗe takardar kayan da kamfanin da nake hulɗa da su suka turo mini ta waya, ina bin ta layi-layi. A ƙasan wani sabon rini na ga kalmomi biyu: "red shift". Na san ta farko, ja ke nan. Na san ta biyu, matsawa ke nan, ko direba ya san ta. Na haɗa su da kaina: rinin da aka ƙara matsar da shi zuwa ja. Akwai wasu lambobi da wani zane mai tudu a gefe, ban kula su ba (a lokacin ina ɗaukar irin wannan zanen ado ne, don takarda ta yi kyau). Na yi oda. Ban tambayi kowa ba, don a ganina babu abin tambaya.

Kayan suka makara a hanya. Sai ranar Litinin suka iso, biki kuwa Lahadi, teloli suna jira. Garin rinin baƙi-baƙi ne, amma wannan bai ce komai ba, yawancin rini mai ƙarfi haka garinsa yake. Na kai shadda da rini wurin Malam Ɗanlami, marinin da na fi yarda da shi, wanda ke aiki a filin bayan gidansa a Unguwar Shanu. Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Sai na ɗauki waya na kira Hajiya Babba, na ce ta zo gobe da wasu daga cikin matan su ga aiki da idonsu.

Ta zo da mata shida, matata a ciki. A cikin shidan akwai Madam Rifkatu, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta yi shekaru tana koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare. Ita ma shaddarta na cikin tarin. Aka kawo musu benci a inuwar mangwaro. Malam Ɗanlami ya tafasa ruwa, ya zuba soda da farin garin da ke narkar da rini, ya juya. Ruwan ya yi ja mai duhu, kamar an jiƙa zoɓo.

Na dubi bencin don in tabbatar kowa ta gani.

Daga nan na shiga bayani. Na ce wannan ba irin rinin kasuwa ba ne, Turawa sun ƙara masa ja da gangan. Na ciro waya na miƙa wa Madam Rifkatu takardar, don ina son mai ilimi ta tabbatar da maganata a gaban surukaina. Ta sa gilashinta, ta faɗaɗa rubutun da yatsa biyu, ta daɗe tana karantawa fiye da yadda nake so.

"Alhaji," ta ce, "ka gwada shi a ƙyalle?"

"Ga shi kina gani a baho, Madam."

"Ina gani. Amma wannan maganar da suka rubuta ba launin da ido zai gani suke nufi ba. Hasken da rinin yake sha suke nufi. Ni dai da za ka..."

"Madam," na katse ta, da murmushi, "ku a allo kuke yi. Mu shekara ashirin hannunmu na ciki."

Matan suka yi dariya. Ita ma ta yi, ta miƙo mini wayata, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Malam Ɗanlami, wanda ba ya son magana, ya yanki ƙyalle ya tsoma, ya ciro. Ja. Ya ce, "Maigida, a bar shi ya sha iska tukuna." Na karɓe ƙyallen daga hannunsa na ɗaga shi sama kamar tuta, na zagaya da shi gaban benci, na jefa shi cikin bahon kuma. Na ce lokaci ba ya jiranmu, a zuba kaya.

A nan ne nake son mai karatu ya fahimci girman laifina. Na san irin wannan rinin yana canza launi idan ya sha iska. Ni nake koya wa sababbin marina hakan idan sun zo shago. Amma takarda ta ce ja, baho ya ce ja, ga mata bakwai suna kallona kamar wani injiniya. Abin da na sani ya tashi ya bar mini wurin.

Malam Ɗanlami ya dube ni, ya dubi shaddar, ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Baho huɗu aka yi. Aka tsoma, aka juya, aka bar ta ta sha, aka fara ciro ta ana shanyawa a igiya. Ta fito ja, tana ɗiga. Hajiya Babba ta ce masha Allah. Wata ta yi guɗa. Matata ta dube ni da wani kallo da na daɗe ban gani ba. Ni kuwa na juya wa igiyar baya, na fuskanci benci, na ci gaba da jawabi a kan bambancin ilimin littafi da ilimin hannu. Ina tsakiyar wani misali mai daɗi na lura babu mai kallona. Duk idanu sun wuce ta kafaɗata.

Na waiwaya.

Shaddar farko ta koma shunayya daga gefe. Ina kallo launin yana cin ta zuwa tsakiya, a hankali, ba gaggawa. Ta biyu ta bi. Kafin a ciro ta ƙarshe daga baho, ta farko ta gama shawara: shuɗi ne, mai duhu, mai kyau ƙwarai, irin wanda da shi aka nema da an yaba mini.

Akuyar Malam Ɗanlami ce kaɗai ta ce wani abu.

Na ce, "Zai dawo idan ya bushe." (Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba. Ko ni ban yarda ba.)

Malam Ɗanlami ya ce, "Ba ya dawowa, maigida. Wannan ko bilic sai ya gaji."

Hajiya Babba ta miƙe, ta je ta taɓa shaddar, ta dubi yatsunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Rifkatu, ke da kika gane, gaya mana abin da ya faru."

Sai Madam Rifkatu ta yi mini darasi, a tsaye, a gaban surukaina, da muryar da take yi wa 'yan aji ɗaya. Zan faɗe shi yadda na riƙe, don na riƙe shi da kyau, babu darasin da ya taɓa shiga kaina kamarsa.

Ta ce hasken rana da muke gani fari, launukan bakan gizo ne a haɗe. Kowane launi da zangonsa, kamar tashoshin rediyo: shuɗi gajeren zango ne, ja dogon zango. Shi rini, aikinsa ya shanye wani sashe na hasken, ya bar saura ya dawo ido. Launin da kake gani a tufa shi ne wanda rinin ya ƙi sha. Jan rini yana shan shuɗi da kore ne, shi ya sa ja yake saura.

"To, ita ƙwayar sinadarin kamar tsirkiyar garaya take," in ji ta. "Gajeriya, murya siririya. Ka ƙara mata tsawo, murya ta yi kauri. Idan masu haɗa rini suka tsawaita ƙwayar, suka ƙara mata zobba a jere, sai ta koma shan haske mai dogon zango. Shi ne suke cewa ta matsa zuwa ja. Jan take sha, Alhaji. In ta shanye ja, me ya rage?"

Ta jira. Ashe da gaske amsa take so.

Na ce, "Shuɗi."

"Madalla," in ji ta. Wallahi haka ta ce.

Ta ƙara da cewa ban yi nisa da gaskiya ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Da kaɗan aka matsar da shi, da ruwan goron nan nawa ya zama jan zoɓon da nake nema. Ƙara matsawa, shunayya. Ƙara kuma, shuɗi. Lambar da ke gefen zanen mai tudu ita ce ke faɗin inda aka tsaya. Jan da muka gani a baho kuwa, soda da farin garin ne suka canza wa ƙwayar siffa na ɗan lokaci, iska ta mayar da ita yadda take.

Wata daga cikin matan ta ce, "Ni fa har takalmi ja na saya."

Na ce zan sayo wata shaddar a sake. Hajiya Babba ta ƙirga kwanakin da yatsa: nemo farar shadda iri ɗaya har ta mutum talatin da biyu, nemo rinin da ya dace, rini, bugu, ɗinki. Yatsun suka ƙare, aikin bai ƙare ba. Ta ce, "A kai wa teloli haka." Da muka iso gida matata ta tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai wani abu kuma da ke fannina da ya kamata ta sani.

Ranar Lahadi da azahar aka yi liyafa. Zauren ya cika da shuɗi daga wannan bango zuwa wancan. Masu rabon abinci suka rikice, wasu teburan suka ci sau biyu, wasu suna jira. Mai hoto ya kira dangin ango, mata sittin suka taso. Na samu kujera a bayan wani ginshiƙi na zauna, ina lissafin cewa in na yi shiru awa biyu, shi ke nan.

Sai mai gabatarwa ya karɓi lasifika. Ya ce ya daɗe yana wannan aiki, bai taɓa ganin bikin da dangi biyu suka haɗa kai suka sa launi ɗaya ba, alamar sun zama gida ɗaya tun kafin a kai amarya. Ya ce wanda ya kawo wannan shawara mai hangen nesa ne, a nuna shi a tafa masa.

Hajiya Babba ta miƙe daga babban tebur, ta leƙa, ta gano ni a bayan ginshiƙin, ta nuna ni da hannu.

Na tashi tsaye. Dangin amarya suka tafa da zuciya ɗaya. Mata talatin da biyu suka tafa da wata irin zuciya daban, wasu da jan takalmi a ƙafa. Madam Rifkatu ta fi kowa daɗewa tana tafi. Wani dattijo daga ɓangaren amarya ya zo har inda nake ya riƙe hannuna, ya ce irinmu ake nema a cikin al'umma. Na ce masa Allah ne ya yi.

Ragowar rinin na sayar da shi cikin wata ɗaya, don shuɗin ya yi farin jini bayan bikin, mata suna zuwa shago da hoto a waya suna cewa irin wannan. Ina ba su, ba na ƙarin bayani.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ina aiki da shi. Kalmar da ban sani ba ba ta taɓa cutar da ni ba, don dole in tambaya. Yanzu idan takarda ta zo na karanta ta na ji na gane komai tun karon farko, a nan nake tsayawa in nemi wanda zai karanta mini.