Bugun Farko na Mai Girma

Jama'a, ranar Asabar na wuni a filin ƙwallon Romi, ban ga wasa ba, hawan jinina ne kawai ya motsa jiki.

'Yata Damaris ce za ta buga wasan ƙarshe na 'yan mata. Wani koci ya zo daga Jos zai zaɓi yara, wadda ya ɗauka makaranta kyauta. Ni mai gadin shago, kun san abin da wannan ke nufi a gidana. Sharaɗinsa ɗaya: zai kama hanya kafin duhu.

To amma a nan ba a fara wasa sai Babban Baƙo, Mai Girma Uban Matasa, ya yi bugun farko. Muka yi ta jira. Makaɗa suka yi kiɗa har ganga ta shaƙe. Ma'aikatan fili kuwa suna yajin aiki, sun kulle sito da ƙwallaye a ciki, guda ɗaya tak muka aro wurin Chinonso bakanike. Shugaban ƙungiyar tasu, jarumin talakawa, yana ƙarƙashin rumfa yana gwagwarmaya da cinyar kaza.

Na ce wa maƙwabcina Sylvanus, "Me zai hana yaran nan su fara?"

Ya ce, "Haba Baban Damaris! Ƙwallon da Oga bai taɓa ba ai ba ta da lasisi."

Rana ta yi ja, sai ga jiniya. Mai Girma ya yi jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci, ya tattare babbar riga, ya ɗirka wa ƙwallo takalmi mai tsini. Ta haye katanga, ta faɗa cikin tifar yashi mai wucewa. Aka yi ta tafi. Koci ya duba agogo, ya shiga mota.

Sai na hango Damaris ta tsallake katanga ta bi tifa da gudu. Ta cim mata a ramukan titin nan da Mai Girma ya yi alkawarin cikewa tun tana rarrafe. Motar koci ma a nan ta maƙale. Da na iso ina haki, ya leƙo ya ce da ni, "Baba, yarinyarka ce? Kawo ta Litinin."

Saboda haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, muna godiya. Don Allah kada a taɓa titin nan, ƙanwarta Hope na tasowa.